Yadda Armaya'u Ya Zaɓo wa 'Yarsa Malamin Rawar Ƙanƙara

In ka shigo kasuwar Safana ta bakin hanya, teburin nama na farko da za ka tarar a ƙarƙashin darbejiya na Armaya'u ne. Wurin gado ne. Mahaifinsa ya sayar da nama a wannan inuwa, kakansa ma haka, kuma duk mai cefane sai ya fara cin karo da shi kafin ya hango sauran mahauta. Inuwar nan ita ke ciyar da gidan Armaya'u, don in ta tsibin namansa ce, ko ƙuda ba ya daɗewa a kai. Abin da Allah ya ba shi a yalwace baki ne. Babu ƙasar da bai san labarinta ba, babu sana'ar da bai taɓa ba ta shawara ba, alhali iyakar tafiyarsa a duniya Katsina ce, ita ma rakiyar mara lafiya ya yi.

Can baya kusa da kwata, inda rana ke dukan mutum tun hantsi, nan teburin Gambo yake. Tare suka tashi da Armaya'u, tare suka koyi fiɗa, kuma Gambo ya daɗe yana kallon inuwar nan yana haɗiyar yawu.

Wata rana da zafin bazara Gambo ya zo shan inuwa da wayarsa a hannu, mutane suka kewaye shi. A cikin wayar, wata yarinya ce 'yar ƙasar waje take yawo a kan wani fili fari fat na ƙanƙara, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsuke jiki, ta kama juyawa har ba a ganin fuskarta. Kowa ya riƙe baki. Armaya'u ya leƙo ta kafaɗar wani, ya kalla, ya taɓe baki.

"Mi ke nan na mamaki? Ku dubi ƙasan takalmin nata da kyau. Wuƙa ce. To wa ya kai mu sanin wuƙa a duniyar nan? Ɗiyata Hadiyya in ta samu malami na kirki, wannan ko jakarta ba ta isa ɗauka ba."

Gambo ya ce, "Hadiyyar da na gani jiya ta faɗi da tulu a ƙasa busasshiya?"

"Ita fa. Kafin ruwan farko ya sauka za ta yi rawa bisa ƙanƙara a tsakiyar kasuwar nan."

"In ba ta yi ba fa?"

"In ba ta yi ba, na bar maka inuwar nan."

Sarkin Pawa yana zaune a gefe bisa buzunsa yana jan carbi. Ya ɗago kai a hankali ya ce, "Armaya'u, na ji, jama'a ma sun ji. Janye maganar nan tun ba ta yi nisa ba."

"Ranka ya daɗe, ni ban taɓa janye magana ba tunda nake."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, don babu wanda ya taɓa ɗaukar maganarsa da nauyin da za a ce ya janye ta. Gambo ne na farko, kuma har shaidu ya kirga da yatsa.

Da Armaya'u ya koma gida ya shaida wa matarsa Sadiqa cewa 'yarsu ta kusa zama abin kallo a duniya. Sadiqa tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Baban Hadiyya, ƙanƙarar da muke sayen ta ƙulli ɗaya mu raba da maƙwabta, ita za a taka da ƙafa?"

"Ke ba ki san harkar waje ba. Komai na duniya malami ne. In aka dace da malami, an gama."

"To mi ka sa a bakin maganar?"

Ya yi tari, ya ce inuwar kasuwa. Nan ta ajiye rariya ta dube shi. Ta tsorata ƙwarai, don ta san daga inuwar nan tuwon gidan ke fitowa. Hadiyya kuwa, 'yar shekara takwas da ba ta taɓa shakkar maganar ubanta ba, sai tsalle take tana tambaya ko za a ɗinka mata riga mai ƙyalli.

Ranar kasuwar Batsari Armaya'u ya hau mashin tun da sassafe. Dama ya aika da saƙo ta bakin 'yan acaɓa cewa ana neman malamin rawar ƙanƙara, kuma wanda aka ɗauka zai ci nama kullum. Ya samu benci kusa da kara, inda ake cinikin shanu, ya harɗe, ya ce masu nema su zo ɗaya bayan ɗaya. Shi bai ga abin wahala a ciki ba. Mutumin da ya yi shekaru yana zaɓen bijimi, ya taɓa kwiɓi, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙori, ai zaɓen malami ba zai gagare shi ba.

Wanda ya fara zuwa Malam Tayyib ne, mai koyar da motsa jiki a wata firamare. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da zafi. Malam Tayyib ya ce shi ba aiki ya zo nema ba, shawara ya kawo. Ya ce wasan nan sai da wani ɗaki na musamman da ake daskarar da daɓensa da injuna, kuma bai san inda ake da shi a kusa ba, amma in yarinyar na son tsalle-tsalle zai iya sa ta a cikin 'yan gudu.

Armaya'u bai saurari rabin maganar ba, ƙafafun malamin yake kallo.

"Malam, ɗan ɗaga wandonka."

"Na'am?"

"Ƙwaurin nake son gani."

Malam Tayyib ya ɗaga don mamaki. Armaya'u ya girgiza kai. "Babu tsoka. Irin wannan ko kyauta aka ba ni ba ni kai shi kwata. Allah ya ba ka haƙuri."

Bayansa wani saurayi ya zo, Yasir, ya taso tun daga Katsina da takalmin taya rataye a wuya. Ya sa takalman a bakin kwalta, ya yi gaba, ya yi baya, ya juya a kan ƙafa ɗaya, har masu shanu suka bar ciniki suka zo kallo. Ya ce zai iya koya wa yarinya tsayuwa da juyi a kan siminti, wanda shi ne mafarin abin. Duk wanda ke wurin ya ce an samu malami. Armaya'u ya tashi, ya zagaye shi, ya matsa masa cinya, sannan ya ce ya buɗe baki. Yasir ya yi dariya, sai ga giɓi a gaba.

"Ina haƙoran suka tahi?"

"Lokacin da nike koyo ne na faɗi."

"Ka faɗi." Armaya'u ya juya ga jama'a. "Kun ji da bakinshi. Malamin da ke faɗuwa zan ba ɗiyata? Kuma ku dubi abin da ya ɗaura, taya. Mu wuƙa muke magana, shi yana kawo mana baro."

Yasir ya rataye takalmansa ya tafi yana waiwaye, don bai tabbata ba ko wasa ake yi.

Ana cikin haka sai wani ƙato ya ratso taron, wuya kamar turmi, damatsa cike da layu. Sunansa Mannir, ɗan tauri ne, irin waɗanda ke gurza wuƙa a ciki ranar biki ba ta kama su. Ya ce ya ji ana neman wanda ya san wuƙa da ƙanƙara. Wuƙa dai kowa ya san abincinsa ce. Ƙanƙara kuwa, ya yi shekaru a Kano yana aiki a gidan kifi, inda ake shiga da rigar sanyi ko da bazara.

Armaya'u ya matsa cinyar, yatsansa ya ƙi shiga. Ya duba haƙora, ya same su reras. Ya doki ƙirjin ya ji ya amsa.

"Ka taɓa faɗuwa bisa ƙanƙara?"

"Ko sau ɗaya."

Ita ma wannan gaskiya ce, sai dai Armaya'u bai tambayi dalili ba. Nan take ya kama hannunsa ya ce ya saya. Aka yi sharaɗi cewa Mannir zai tare a zauren gidansa, da tsire da safe, da farfesun kayan ciki da rana, tozo kuma duk ranar da aka yanka babba. Da za su koma, mashin ɗaya ya kasa ɗaukar su, sai da aka nemo na biyu.

Maganar takalmi ba ta ba shi wahala ba. Ya sayi takalman ruwa na roba, manya na malami da ƙanana na ɗaliba, ya kwashi wuƙaƙensa na aiki ya kai wa maƙeri, ya ce a ɗaure su a ƙasa, kaifi na kallon ƙasa. Maƙerin ya tambaye shi ko wani ne ya yi masa laifi. Armaya'u ya ce ya yi aikinsa kawai, kuma ya wasa su sosai, don na yarinyar waya ma ƙyalli suke yi.

Da Sadiqa ta ga ƙananan takalman sai ta karɓa ta ce za ta adana. Ta adana su kuwa, don har yau ba wanda ya san inda suke. Da Mannir ya aiko da wani ƙullin magani a ba Hadiyya ta sha don kada wuƙa ta kama ta, Sadiqa ta aika masa cewa ya ƙara a cikin farfesunsa.

Saura wurin koyo. Armaya'u ya yi nazari ya gano cewa asirin ƙanƙara santsi ne, santsi kuwa ba a fi mu shi ba. Ya sa aka jiƙa karkashi cikin babban baho, aka kwarara a simintin zaure. Hadiyya ta shiga da ƙafa ba takalmi, ta zame daga wannan bango zuwa wancan tana ƙyalƙyala dariya, ta faɗi, ta tashi, ta sake. Mannir yana bisa dakali, ƙafafunsa a naɗe nesa da yauƙin, tsinken tsire a hannu, yana cewa, "Juya. To sake juyawa." Iyakar karatun ke nan, kuma Armaya'u ya ce bai taɓa ganin malami mai zurfi irinsa ba.

Akuyar gidan ce ta fara shiga zauren ba da saninta ba, ta fita ta ɗaya ƙofar a zaune. Bayanta mai unguwa ya zo jin bahasin abin da ake ta faɗa a gari. Ya yi sallama, ya sa ƙafar dama, sauran sallamar a kwance ya ƙarasa ta, hularsa ta riga shi shiga cikin gida. Armaya'u ya taimaka masa ya tashi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga abin da nike faɗi. Ba malami gare ka ba." Mai unguwa ya fita da babbar riga tana ɗigar yauƙi, kuma tun daga ranar ya daina sayen nama a bakin hanya.

Kwanaki suka tafi. Mannir ya ƙara wuya, teburin Armaya'u ya rame, don wuƙaƙen kirki suna ƙasan takalmi, naman kirki yana cikin malami. Sai ga hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma. Gambo ya riƙa zuwa kullum yana kallon sama, yana kallon darbejiya, har ya fara auna wurin da taku. Armaya'u ya ga ba sauran jira, ya sa aka yi shela cewa ranar kasuwa mai zuwa za a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Ya tafi Batsari ya bi masu firiza gida-gida ya kwashe duk ƙanƙarar da ke garin, ya haɗa da ta Safana. Aka loda a a-kori-kura, aka rufe da buhuna da ƙaiƙayi. Motar ta taso da hantsi, ta yi faci a hanya, direba ya tafi neman mai gyara, ƙanƙara ta zauna tana jiran sa a rana. Da suka iso wajen azahar, motar na tafe tana zubar da ruwa ta baya, yara na bin ta da kofuna.

Kasuwa ta cika maƙil, har daga Runka da Tsaskiya an zo. Aka shimfiɗa tamfol a fili kusa da darbejiya, aka fara jera abin da ya rage. A nan aka lura da wani abu da Armaya'u bai yi tunaninsa ba. Ƙanƙarar garinmu a leda ake ƙulla ta, ta daskare a dunƙule, mai ciki da kai. Da aka jera ta sai filin ya fito tudu da kwari kamar kunyar dankali, kuma faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba.

Masu zoɓo da kunun aya suka zo a fusace, don tun safe suke sayar da kaya da ɗumi. Wata tsohuwa mai fura ta ce, "Armaya'u, mutane na mutuwa da ƙishi, kai ka shimfiɗa ƙanƙara a ƙasa za a taka?" Kafin ya amsa ta sunkuya ta ɗauki ƙulli ɗaya ta jefa a ƙwaryarta. Filin ya ragu.

Sarkin Pawa ya zauna, Gambo ya tsaya a bayansa. Aka kawo Hadiyya da rigar sallarta da silifas, ta ce innarta ta ce ba ta tuna inda ta ajiye takalman ba, kuma wai malami ya fara hawa kowa ya gani. Jama'a suka ce wannan magana ta yi. Armaya'u ya ɗauko manyan takalman ya ajiye a gaban Mannir.

"Bismilla, malam. Nuna masu."

Mannir ya dubi wuƙaƙen, ya dubi ƙanƙarar, ya shafa layunsa. "Ai layun nan ba su son ruwa."

"To tuɓe su."

"In na tuɓe wuƙa ta kama ni."

Gambo ya ce, "Halan a gidan kifin ma da layu kake shiga?"

"Wa ya ce maka ina shiga? Ni gadi nike a bakin ƙofa. Sanyin wurin ko daga waje ba a iya tsayawa."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Mannir ya ce bari ya kama ruwa ya dawo, ya ratsa ta rumfar masu hatsi, aka hango shi bayan mashin ya nufi hanyar Batsari, tayar baya ta kusa taɓa ƙasa.

Hadiyya ta ga fuskar ubanta ta canza, sai tausayinsa ya kama ta. Ta ja masa riga ta ce, "Baba, bari in hau haka nan, ai na iya." Ta cire silifas ta ɗora ƙafa. Ba ta taɓa taka ƙanƙara ba a rayuwarta, ba wanda ya gaya mata cewa ba kamar karkashi take ba. Ta yi ƙara ta dira baya tana riƙe da tafin ƙafa, ta ce wuta ce a ciki. Ta so ta sake gwadawa tana hawaye, Sarkin Pawa ya ce a ɗauke yarinyar nan daga wurin.

A nan mai hankali zai tsaya ya roƙi arziki. Armaya'u ya naɗe hannun riga.

"Tsoro ne kawai, don ba ta ga an yi a gabanta ba. Dama ni ya kamata in koya mata tun farko, tawali'u ne ya hana ni."

Ya zauna ya zura takalman, mutum biyu suka ɗaga shi suka tsayar a bakin tamfol. Ya ɗaga hannuwa sama yadda ya ga yarinyar waya ta yi, ya ɗaga ƙafar dama ya dire ta da ƙarfi. Wuƙar mahauci ce, kuma maƙeri ya wasa ta da gaske, don haka ta yi aikin da ta sani. Ta shige cikin ƙullin ƙanƙara ta kafe. Ya dire ta hagu, ita ma ta kama nata. Ya ja, suka ƙi fita. Sai ga Armaya'u tsaye da ƙullin ƙanƙara ɗaya a kowace ƙafa, a bisa jiƙaƙƙen tamfol, a wurin da ƙasa ta ɗan gangara.

Na dama ya nufi rumfar masu tumatir, na hagu ya ce shi kwata za shi. Armaya'u ya tsaya a tsakiya yana neman sulhu, wandonsa ya yanke hukunci da ƙara mai ƙarfi. Daga nan ya juya, juyi na gaske, har sau biyu, hannuwa na neman abin kamawa, ya gangara ya rungumi robar zoɓon wata mata, suka zube tare. Ya tashi zaune jajir tun daga hula har ƙafa, wata ta fasa salati ta zaci jini ne, mai zoɓon ta ce ina ma jinin ne, shi ai ba da kuɗi ya saye shi ba.

Kafin a ciro shi daga takalman, jama'a sun yi wa filin wasa wawa. Kowa ya tafi da abin jefawa a ruwa, aka bar tamfol da taɓo.

Gambo ya durƙusa gaban Sarkin Pawa ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi rawa kam, na gani, har ta burge ni. Amma ɗiyarshi ya ce, ba shi ba."

Armaya'u daga kwance ya ce ai ruwan farko bai sauka ba tukuna, yana da sauran lokaci. Bai rufe baki ba iska ta kaɗa, aka ji ƙamshin ƙasa, ɗigo ya faɗo masa a goshi. Ɗan yayyafi ne da bai ko kwantar da ƙura ba, amma kowa ya ga ya sauka. Sarkin Pawa ya share ɗigon da ya faɗo masa a hannu, ya ce ba shi da abin ƙarawa.

Ƙugun Armaya'u ya ƙi miƙewa, mashin kuma ba ya hawuwa. Gambo ya ce shi inuwa aka yi masa alkawari, teburi ba ya cikin magana, a ɗauke shi. Sai aka ga ai an huta, aka kwantar da mai teburin a bisa teburinsa, samari suka ɗauka a kafaɗa. Suka ratsa kasuwa da shi, ƙuda na bin zaƙin zoɓo, wani na tambaya ko ana sayar da cinyar daban. Hadiyya na biye riƙe da hularsa.

Da suka kai bakin hanya ya juya kai ya waiwaya. Yayyafin ya ɗauke, rana ta dawo, Gambo na jan teburinsa zuwa gindin darbejiya, daidai inda mahaifin Armaya'u ke zama. Nan baƙin ciki ya cika masa ƙirji, bakinsa ya mutu. Amma kafin a kai gida ya farfaɗo, yana gaya wa masu ɗauke da shi cewa kuskurensa ɗaya ne, bai duba kofaton malamin ba.

Labari ya riga su isa. Suka yi sallama a ƙofar gida, Sadiqa ta amsa daga bayan ƙyauren zaure, muryarta a dishe don ta sha kuka.

"Sannunku da wahala. Ku shigo da teburin, kada ya lalace, gobe da shi za a fita."

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "To shi maigidan fa, ina za mu sa shi?"

Sadiqa ta leƙo ta gefen ƙyauren ta dube shi.

"Ku ajiye shi nan waje tukuna, ya fara sabawa da rana."